Wayar Ɗakin Malama Kulu

Har gobe ban manta da Talatar da aka ce in sa hannu a kori Malama Kulu ba. Lokacin ni ne jami'in kwamfuta a wani kamfani a Illo, mai shirya wa 'yan kasuwa takardun ƙetare iyaka zuwa Jamhuriyar Benin. Ƙa'idar aikin ita ce, kowace takarda a ɗauki hotonta a tura wa babbar kwamfutar da muke kira saba, Manaja ya buɗe daga teburinsa ya amince, sannan direba ya wuce.

Malama Kulu ce mai turawa, shekara da shekaru babu ƙorafi, kuma da aikin take riƙe marayunta. Sai aka kawo sabon Manaja, ya ce tunda jihar Shari'a muke, a raba ta da maza, a mayar da teburinta ɗakin baya. Ban ja da wannan ba, makon da aka yi ƙaurar ma ina Bagudo jinyar mahaifina. Na dawo na tarar fayil ɗin da kan wuce nan take, yanzu sai ka yi alwala ka dawo yana rarrafe. Direbobin albasa sun cika baranda suna ta masifa.

Manaja ya kira ni, ya turo mini takarda da biro.

"Umaru, sa hannu nan ka shaida na'ura lahiyatta lau. Matar ga tun da anka kai ta baya barci takai."

"Ranka ya daɗe, ban duba ba tukuna."

"Mi za ka dubawa? Ga tawa nan gudu takai."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye masa bironsa na fita.

Na fara da saba: ba ta cika ba, ba ta yi zafi ba. Na tura fayil guda daga kowane tebur ina kallon agogo, duka lafiya sai nata. Na cicciɓo kwamfutarta na jona a teburina, fit, fayil ya wuce. Ke nan laifin a hanya yake. Na durƙusa na bi wayar da hannu har bayan kabad, sai ga ƙullin baƙin salatif. Ashe wayar ce ba ta kai ba, mai gyaran wuta, ƙanin matar Manaja, ya yanke ta ya ƙara da tsohuwar wayar tarho, ya murɗe kamar wayar fanka. Ita kuwa wayar kwamfuta silili takwas ne a cikinta, a tufke biyu-biyu. Da ka warware su saƙo ya riƙa lalacewa, na'ura ta yi ta maimaita aike.

Ban gyara ba. Na ɗauko kwamfutar Manaja na jona a wannan wayar, na roƙe shi ya zauna a kujerar Malama Kulu ya tura da kansa. Ya tura. Muka tsaya muna kallo, Malama Kulu na bakin ƙofa, abu ya ƙi gaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kai ma barcin kakai?"

Ya miƙe yana huci. "Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Takardar ga dai ba ni sa mata hannu, ko da yau za ni koma ƙauyenmu Kurgu noma."

Na nuna masa ƙullin, na faɗi wanda ya yi shi a gaban kowa. Ya yaga takardar. Na ja sabuwar waya, kafin La'asar baranda ta watse.

Malama Kulu ta ci gaba da aikinta har ta yi ritaya. Ni kuwa da wa'adin kwantiragina ya cika, ba a sabunta ba.

Ku masu shigowa wannan aiki, ku sani: duk ranar da na'ura ta yi nauyi, wanda ba shi da kowa ake fara ɗora wa laifi, kuma shaidarku za a nema don a rufe bakinsa. Kada ku bayar da ita kuna zaune. Ni na rasa aikina a kan haka, kuma ko sau ɗaya ban yi da na sani ba.