Bindigar da Muka Binne a Ramin Dawa

Talata ce, ana tsakiyar yankan riɗi. Bayan asuba matata Hauwa ta kawo mana shayi, ni da yayana Idrisa muna wasa lauje. Kambonmu, wato bukkokin ma'aikatan gona, yana tsakanin Doka da Gallabat. Muna shan shayin muna gardamar da muka saba.

Gardamar bindiga ce. Idrisa ya saye ta bara, bayan shifta, 'yan fashin kan iyaka, sun kore shanun maƙwabta. Shi so yake ta kwana kusa da kansa. Ni kuwa na tsane ta, don na ga rigima a kan durom ɗin ruwa ta ƙare da gawa a kambon gaba, ga shi ana ta cewa hukuma za ta zo bincike. Na fi shi baki, na yi ta mita har ya gaji. Muka sa ta a buhu, muka cusa a matmura, ramin da muke adana dawa, muka rufe da ƙaiƙayi da ƙasa. Ranar Litinin aka tafka ruwan ƙarshe, baƙar ƙasar nan ta zama danƙo.

Ƙarfe tara da rabi muna gona, ƙarar tarakta ta ɗauke. Sai harbi uku a jere. Sai ihun mata. Muka ruga gida.

Shifta sun shigo ta gabas, sun kai ashirin. Mai gadin gonar yana da bindiga, ya harba sau biyu. Suka yi masa ca, suka cinna wa bukkarsa wuta da iyalinsa a ciki. Idrisa ya gani da idonsa, amma ya nufi matmura. Na bi shi. Muka hau tono da lauje da hannu. Kowane sara sai laka ta riƙe laujen. Ina tono ina kuka, ina zagin ƙasar, ina zagin kaina.

Hauwa ta fito goye da 'yarmu. Idrisa ya hankaɗe ni.

"Yalla, maza kwashe su! Ku shiga dawa!"

Muka shiga. Dawar ta fi mu tsawo, ita ta rufa mana asiri. Laka ta cire mana takalma tun a kori na farko, wato ƙorama. Ƙarfe goma na ji harbi ɗaya daga wajen ramin, wani bai biyo baya ba. Na juya zan koma, Hauwa ta riƙe rigata da hannu biyu. Tsoro ya fi ƙarfina, ban koma ba.

Da la'asar muka fita titin Doka, wata lori ta kwashe mu. A cikinta ma gardamar ake yi. Wasu na cewa da kowa na da bindiga da shifta ba su zo ba, wasu na cewa bindigar ce ta cinye mai gadi da 'ya'yansa.

Ranar Alhamis muka koma tare da 'yan sanda. Muka tarar da gawar Idrisa cikin ramin har ƙugu. Ya kai ga buhun, ya jawo shi kan cinyarsa. Igiyar bakin ta jiƙe, ƙulli uku, ya kwance biyu. Ni na ƙulla su.

Mutum bakwai muka binne a ranar. Shida na taimaka aka haƙa musu kabari. Na Idrisa wasu suka haƙa, hannuna ya ƙi.