Diyyar Jakar Ƙanena

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce min, a gaban mutane kuwa "wancan". Kunya ce, ba ƙi ba, na sani. Amma sanin bai taɓa hana zuciyata tafasa ba idan na ga ƙanena zaune a gefen buzun Baba yana tsoma hannu a kwanonsa, suna hira kamar abokai.

Shekarar da Allah ya kira mu aikin Hajji, tare muka tafi da ƙanen nawa. Ni da abin da na tara daga koyarwa a firamare da noma, shi da ribar gyaɗar da yake kaiwa kasuwar Zakirai. Baba bai taɓa zuwa ba. Don haka tun ina can nake tsara labari a raina. Burina ɗaya ne: in zauna da Baba a zaure, in ba shi labarin Ka'aba da bakina, ya saurare ni, ko sau ɗaya ya ɗago ya ce in ci gaba.

Da muka sauka a Kano, jakata ta fito lafiya lau. Ta ƙanena shiru. Muka tsaya har wajen ya watse. Wani ma'aikaci ya rubuta masa 'yar takarda, ya ce mu je gida za a kira.

Mun iso gari gero ya kai gwiwa, masu yi mana barka da sauka sun cika ƙofar gida. Kafin mako ya zagayo jakata ta zama wayam. Dabino, tasbaha, huluna, ruwan zamzam, duk daga hannuna suka fita. Abin haushin, mutum zai karɓi tsarabata, ya ce min an gode a tsaitsaye, sannan ya je ya durƙusa gaban ƙanena ya shafe rabin yini yana masa jaje. Shi kuwa ya langwaɓar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Kullum bayan la'asar nakan shiga zaure in gaida Baba in zauna.

"Baba, ranar da muka tsaya a Arfa..."

"To, to, madalla. Kai, ka kira mutanen jirgin nan kuwa? Yaron nan ko abinci ba ya ci."

Yana ci. Ni na ga yana ci.

Tunda ni ne ɗan boko, wahalar ta dawo kaina. Shugaban makarantarmu ya shaida min cewa idan kamfanin jirgi ya jinkirta wa mutum kaya, akwai abin da yake biya, muddin an rubuta musu da wuri, an haɗa da 'yar takardar da suke liƙa wa tikiti da rasit na abin da mutum ya saya saboda rashin kayan. Maganin ƙanena da suturarsa duk suna cikin jakar, sai da ya sayi wasu. Na bi shi na tattaro rasit, wani ma a ƙarƙashin tabarma na zaƙulo shi. A tsakiyar gonarmu, gindin kuka, nan ne kaɗai waya ke kamawa da kyau. Nan nake tsayawa da rana tsaka ina aika saƙo, ƙudaje suna bina, mai jakar yana gida ana masa fifita.

Ranar da jakar ta zo, da motar kamfani aka kawo ta. Motar ta kafe a yashin burtali, rabin gari suka fita turi. Direban ya fito yana tambayar gidan Alhaji, kuma ba wanda ya ce wane Alhajin, duk da mu biyu ne. Aka sake sabuwar barka da sauka, har da guɗa. Ni ina gefe ina riƙe wa direban kofin ruwa.

Bayan wani lokaci kamfanin ya aiko da ban haƙuri da kuɗi. Da na ce wa Baba diyya ce, sai ya zabura.

"Diyya kuma? Rai aka kashe?"

Sai da aka kira liman ya ce halal ne, tunda ƙa'idarsu ce su suka ɗora wa kansu. Ba wani kuɗin kirki ba ne. Amma ƙanena, wanda ya iya zaɓar lokacin magana, ya bari sai da zaure ya cika sannan ya ce, "Baba, ba zan ci kuɗin nan ba. Fasfo za a yi maka da su, ka je Umara."

Baba ya yi hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ba don ni ya zubar ba. Kishi ya turnuƙe ni har na kasa cewa amin da ƙarfi.

Fasfo kaɗai kuɗin suka iya yi. Ragowar kuɗin tafiyar kuwa mu muka haɗa. Da kaka ta yi na sayar da bijimin da nake huɗa da shi, ban yi shawara da kowa ba. A gari kuwa har yau cewa ake jakar Alhaji ce ta kai tsoho Makka.

Abin da muka haɗa zai ishi Baba da ɗan rakiya ɗaya ne kawai. Na san hanya, na iya cike takardu, ina ɗan jin Larabci. A raina na gama ganin kaina riƙe da hannunsa a wajen ɗawafi. Ba sai na ba shi labari ba ma, zan nuna masa da yatsa.

Baba ya tara mu a zaure bayan la'asar. Bai dube ni ba, ƙanena ya duba.

"Da kai za mu tafi," ya ce. "Kai mutanen jirgin suka sani. Sun taɓa ba ka haƙuri, ba za su yi wasa da mu ba."

Ƙanena ya buɗe baki, ya ce, "Ai Baba, Yaya ne ya..."

"Wancan ya tsaya ya kula da gida. In ba shi a gari, wa zan bar wa?"

Na ce to. Ni na kai su filin jirgi, ni na ɗaure wa Baba jakarsa da igiya, na rubuta sunansa a jiki da manyan baƙaƙe. Da za su shiga, ya miƙa wa ƙanena hannu ya riƙe, ni kuma ya ce min kada in bari awaki su shiga rumbu.