Ramuka Tara da Hannun Auta

Shekarar da soja suka sauka daga mulki, cikin bazara, ruwan farko bai kai ga sauka ba, aka karya hannun autana a tsakar gidana a Gumel. Yayansa ne ya karya shi, da taɓaryata. Sanadin kuwa wani ɗan abu ne da bai fi dabino biyu ba, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

'Ya'yana maza biyu ne suka rayu. Babban, ɗan farina, malamin dabbobi ne, yana bin kasuwar shanu ta Maigatari da rugagen Ɗanzomo da Gagarawa yana allurar rigakafi. Autan acaba yake yi, magidanci ne shi ma, duk muna gida guda.

A wurin aiki aka ba babban kwamfuta mai ninkewa, da wata ƙaramar na'ura kamar tafin hannu wadda yake shiga daji da ita yana rubuta shanun da ya yi wa allura. In ya dawo, ƙaramar ta juye wa babbar abin da ke cikinta, ba waya a tsakaninsu. Mai haɗa su shi ne ɗan abin nan: ido baƙi mai ja-ja, da doguwar jela. A ƙarshen jelar akwai ƙananan ramuka tara, ana cusa su a bayan kwamfutar, inda tsinkayen ƙarfe tara ke jira. Sai a ajiye ƙaramar na'ura gaban idon, kamu ɗaya tsakani, su yi ta zancensu ba mai ji. Tsarin da ke cikin kwamfutar, in ji abokin aikinsa, ba na sayarwa ba ne. Mutanen duniya suka yi masa gayya, kowa ya zo da fartanyarsa, kowa kuma yana da ikon buɗe cikinsa ya gyara. Abokin nan Kirista ne ɗan Filato, yana haya a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Mama yake ce mini, kuma shi ya fi kowa sanin kan abin.

Ranar Alhamis auta ya goyo jakar kayan daga Maigatari, don yayan zai wuce daji ya kwana biyu. Aka rataye ta a ɗakina. Ranar Juma'a na ga zanzaro yana kewaya ta da laka a baki. Na san aikinsa, shi ya kashe mini rediyo, ya gina ɗaki a ramin wayar kunne. Tun daga lokacin, duk wani rami a kayan ɗakina kakin zuma nake liƙa masa, kamar yadda uwata take yi. Na buɗe jaka, na ga ramuka tara a hangame. Na murza kaki har ya yi laushi, na cika su ɗaya bayan ɗaya, na goge bakin da gefen zane har ba a ganewa. Na mayar, ina jin na yi abin kirki.

Asabar da hantsi babban ya dawo, shi da ɗan Filato suka baje kaya a gindin dogonyaro, da batirin mota a gefe. Litinin za a zo daga Dutse a karɓi aikin wata uku, aikin kuwa duk yana cikin ƙaramar na'ura. Aka cusa jela, aka kunna, kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Aka kashe aka sake kunnawa. Ɗan Filato ya tambaye ta, da farin rubutu a kan baƙar fuskarta, ta lissafa masa duk abin da ta tarar a jikinta da ta farka. Ta lissafa, babu ido a ciki. Ya ce ko rana ce ta kashe masa gani, suka koma inuwar rumfa. Ya ce ko ƙofar bayan ce aka rufe daga ciki, ya shiga wata shuɗiyar fuska ya duba, ƙofa a buɗe take. Ya sake ɗora mata rubutun da ke koya mata yaren idon, sau uku, shiru. Ni ina bakin murhu ina ji, hankalina kwance, don ban taɓa gilashin idon ba.

Babban ya gaji fushin ubansa, marigayi, wanda ya taɓa kashe jakinsa da sanda saboda ya ƙi tsallake kwata. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya tuna wanda ya goyo jakar, ya tuna an ce an ga babur ɗin auta a rumfar mai gyaran rediyo a Maigatari, ya kuma tuna tsohuwar kaset ɗinsa da auta ya taɓa ɗauka ba izini tun yana saurayi. Ya haɗa ukun wuri guda, ya yanke cewa an sayar da idon gaskiya an kawo masa na jabu. Ya kira ƙaninsa.

Auta ya zo yana goge baƙin mai a hannu. Da ya ji zancen sai ya yi dariya. "Yaya, ni da ko rediyo sai an kama mini tasha, me zan yi da idon kwamfuta? In ɗaura wa babur ya riƙa gano mini rami?"

Marin da ya sauka a kuncinsa sai da kaji suka watse.

"Kafin la'asar ka fito da na gaskiyar," in ji babban. "In ba haka ba, hannun da ya ɗauka shi zan karya."

Ɗan Filato ya shiga tsakani. "Oga, ban ce na jabu ba ne, na ce ba ta ji shi ba. Ai ba ta gilashi take gane shi ba, ta jela ne."

Ta jela. Muciya ta kuɓuce mini ta faɗa cikin toka.

A nan ne ya kamata in tashi in yi magana, kuma ban tashi ba. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsayawa gabansa ta yi masa dogon zance, balle gaban baƙo. Kakarsa ce ta goye shi. Shekara talatin da takwas, in ina da magana da shi sai in faɗa wa bango ko in aiki matarsa, matar kuwa ta tafi suna Gagarawa tare da matar auta. Na zagaya zaure na sami auta yana tofar da jini, na faɗa masa abin da na yi. Ya dube ni, ya ce, "Inna, ko kin faɗa cewa zai yi kin rufa wa ɗan lelenki asiri. Bar shi ya huce." Na so in keɓe da ɗan Filato, amma ya ce zai sake gina zuciyar tsarin tun daga tushe, ko wani abu ne ya ɓace a ciki, babban kuma yana zaune a kafaɗarsa bai ko motsa ba. Rubutu ya yi ta gudu a baƙar fuska daga azahar, ni ina zaune ina kallon inuwar katanga tana tsawo.

Ana kiran la'asar ginin ya ƙare. Aka kashe, aka kunna. Ba ta ga kowa ba.

Babban ya miƙe ya nufi zaure, ya jawo auta ta wuyan riga har tsakar gida, ya maka shi da randa. Randa ta fashe, ruwa ya kwashe su duka biyu. Auta bai rama ba da farko, yana dai kare fuska yana cewa Yaya ka saurara. Da aka naushe shi a baki haƙori ya fita, sai ya kama ƙafar yayan ya kayar, suka yi ta birgima cikin taɓo da sakaina, wannan ya shaƙe wancan, wancan ya kafta wa wannan kai a hanci. Ɗan Filato ya zo raba su, gwiwar hannu ta same shi a fuska, tabaraunsa ya tarwatse, jini ya wanke masa farar riga. Akuya ta tsinke igiya. Tukunyar miya ta kife a kan garwashi. Na ga babban ya tashi, ya take wuyan hannun ƙaninsa da ƙafa a gindin turmi, ya miƙa hannu ya ɗauki taɓarya.

Na kira sunansa. Ban taɓa jin sa a bakina ba sai ranar, ya fito kamar na wani baƙo. Ya ji, na ga kansa ya fara juyowa, amma taɓarya ta riga ta taho. Ƙarar da ƙashin ya yi, irin ta busasshen kara ce a ƙarƙashin ƙafar saniya.

Na tsaya gabansa, ido cikin ido, na ce, "Ni ce. Kaki na zuba a ramukan, saboda zanzaro."

Ɗan Filato, hanci na zuba, ya zare jelar ya kai ta dab da idonsa, ya karɓi allurar ɗinkina ya ɗora a garwashi, ya soka a rami ɗaya. Kaki ya narke ya biyo allura. Ya bi tara ɗin duka, ya goge tsinkayen ƙarfen da ƙyalle, ya cusa, ya kunna. Layi ɗaya ya fito a baƙar fuska. A hankali ya ce kwamfuta ta ga idon. Auta yana kwance cikin ruwan randa yana nishi, yatsunsa sun kalli inda yatsu ba sa kallo.

Babban da kansa ya goya shi a babur ɗin, bai ma iya tuƙi sosai ba, suka tafi wurin wani mai ɗori a ƙauyen Sule Tankarkar. An ce babban ne ya danne shi da ƙirji lokacin da ake jan ƙashin, auta ya cije shi a damtse har ya cire nama, bai janye ba. Hannu ya ɗoru, amma yatsu biyu sun sandare, kuma hannun dama ne, wanda ke murɗa mai. Acaba ta ƙare masa. Da ya kwance karan ɗori ya kwashe matarsa da 'yarsa ya tsallaka Damagaram, yana kiran fasinja a tasha har yau.

Duk sallah yana zuwa gaishe ni. In ya shigo, yayan kan tashi tsaye. Auta ya miƙa masa hannun nan mai sandararrun yatsu, yayan ya riƙe, auta kuwa ba ya saurin janyewa. Sai ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi shanu garke-garke, hannun yana cikin na yayansa har sai ya gama.