Baƙin da Ya Fito wa Ƙanwata a Wuya

Shekarun baya, lokacin da tsadar hatsi ta ramar da kowa a ƙauyenmu, mu 'yan gidanmu ba mu rame ba. Kuma ba don muna da shi ba, garin kwaki ne da suga, sai tuwon masara in an samu. Amma ƙanwata kullum ƙara cika take, ko sakandare ba ta shiga ba. Mata su ce tubarkalla, sannan su bi ta da wani irin kallo.

Sai wani baƙi ya fito mata a bayan wuya, kamar shatin igiya. Ni da gaggawata na ce dauɗa ce. Na danne ta na dirje da soso har jini, tana ihu ina cewa, "Tsaya, ƙazama!" Bai fita ba.

Kakarmu ta sunkuyar da kan yarinyar ta duba.

"Bar shi, ba ya wankuwa. Ubanku da shi ya tafi. Yayansa ma, har masu wankan gawarsa sai da suka tambaya."

"To mene ne, Kaka?"

"Alamar gidan ce. Daga ita sai ƙishirwa, sai kiyashi su fara bin mutum makewayi. Daga nan kuma..." Ta kaɗa hannu.

Na koma gadin makewayi kamar mahaukaciya. Wata rana da azahar yarinyar ta fito, na leƙa. Ga su, sun yi layi.

Mahaifiyata ta ce sammu ne, a nemo rubutu. Na ce a nemo, amma ni asibiti zan kai ta.

Likita ta auna ta. Suga ya hau, jini ya hau, ga kitse a jini. Ta ce abin yana bin dangi ne, yaro mai ƙiba shi ke fara tona shi. Sai ta dube ni.

"Ke ma zame mayafinki."

Na zame. Yatsanta na ji, sanyi ƙalau, a bayan wuyana.

"Naki tun yaushe?"

Ni da na ce wa wata ƙazama.

Tare muka bar suga, muka koma wake da zogale da zuwa gona a ƙafa. Ƙanwata ta yi gaba da ni sosai saboda hana ta suga. Yau tana nan da ranta, tana shan maganinta, ta yi aure. Abin da har yanzu yake tayar min da tsikar jiki shi ne yadda gida guda muka yi ta binne mutane da ciwo iri ɗaya, muna kallon na gaba yana ƙara ƙiba muna murna.