Cokalin da Aka Ɗaura wa Baba

Shekarar da hawan jini ya kayar da Baba a shagonsa na atamfa a unguwar Roumdé Adjia ta Garoua, ɓarinsa na dama ne ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti muka kai shi ɗakin ƙurya, muka saki labule, muka hana kowa shiga sai 'yan gida. Mutum ne da ake miƙe masa tsaye a kasuwa, ba za mu yarda a gan shi da baki a karkace ba. Alwala ni nake yi masa. Abinci kuwa mahaifiyarmu, Hajiya, ke ba shi a baki.

Sai ya daina ci. Ya karɓi loma da ƙyar, ya juya fuskarsa bango. An yi farfesun kifi, an yi kunun gyaɗa, duk a banza. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar yunwa ce za ta ƙarasa mana shi.

Likitansa ya ce zai turo mana ma'aikaciya. Ni ina jiran mai allura, sai ga wata matashiya 'yar garin Mokolo ta sauko daga bayan babur, ko farar riga babu. Sunan aikinta da Faransanci har yau harshena bai iya juya shi ba. Ta ce dai ita ce mai mayar da marar lafiya ga al'amuransa na yau da kullum.

Ta durƙusa ta gaida Baba da Fillanci. Ko taɓa hannun da ya shanye ba ta yi ba.

"Alhaji, kafin ciwon nan, a ina kake cin abinci?"

Na buɗe baki zan amsa, ta ce, "Shi nake tambaya." A gidanmu! Na haɗiye don darajar likita.

Baba ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Zaure." Haka ne kuwa. Tun ban san kaina ba, bayan azahar shi da abokansa 'yan kasuwa suke zagaye tire ɗaya a zauren gidan.

Ta jawo ni tsakar gida. Ta ce a makarantarsu an koya musu duba abu uku tare, kamar duwatsun murhu: mutumin, wurin da yake rayuwa, da abin da ya saba yi da kansa. "Kun kula da jikin," in ji ta, "amma kun raba shi da wurinsa, kun karɓe masa hannunsa. Ku bari ya ci da kansa."

"Da hagu?" na ce. "Baba? A'uzubillahi!"

"Wa ya ce hagu? Kafaɗar dama tana motsi. Yatsun ne ba sa riƙo."

Ta fita wurin mai faci a bakin layi, ta dawo da tsohon tub na babur. Ta yanka shi siriri, ta ɗaura cokali da shi a tafin hannun Baba na dama. Na tsaya baki buɗe. Robar da ake ɗaure buhun gawayi da ita, a hannun da manyan Garoua ke karɓa da hannu biyu! Ban gama farfaɗowa ba ta ƙara da cewa gobe a zaure zai ci, tare da abokansa.

Hajiya ta rafka salati. Ni kuwa na manta da likita da darajarsa. "Madam, so kike a yi wa ubana dariya a cikin gari? Tashi ki..."

Ƙarar cokali a ƙarfen gado ta katse ni. Baba ne. Ya kafe ni da ido, ya sake cewa, "Zaure."

Washegari muka ɗauko shi a kujera. Abokan suka zo, aka ajiye shinkafa da miya. Ya ɗaga cokalin yana rawa, shinkafa ta zube a farar rigarsa. Ya sake, ta sake zubewa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zaburo da tsumma, sai amininsa, wani tsoho mai sayar da goro, ya riƙe mini hannu.

"Kai, yaushe ka fara cin abinci da mu? Ba mu wuri."

Na koma bayan ƙyaure ina leƙe. Suka ɓarke da hirar tsadar atamfa kamar ba abin da ya faru. Mai goro ya ce, "Alhaji, rigar nan fa ta fi ka ci." Baba ya yi dariya da karkataccen bakin da muke ɓoyewa. Ya ci, ya ci, har ya yi rami a gefensa na tiren. Daga nan ya ƙwala mini kira.

"Gaya wa uwarka, miyar nan ba gishiri."

Na shiga na gaya mata. Ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Wata da watanni haka nake ba shi ita, ba gishiri saboda hawan jinin," ta ce, "bai taɓa cewa uffan ba."