Yaya Ya Tafi Neman Aibu

Yayana mai duba injina ne. Aikinsa ke nan tun ina 'yar makaranta: ya shiga masana'anta, ya zagaya, ya ce wannan injin ya ci gaba da aiki, wancan a kashe shi kafin ya cinye hannun wani. Masu masana'antu ba sa murna da ganinsa, shi ma bai taɓa neman su yi ba. Ma'aikata suna kiransa Sai-Na-Gani, domin duk bayanin da ka zuba masa, amsar ke nan. Ko a gida haka yake. Ka ce masa an gyara famfo, sai ya tashi ya je ya murɗa da hannunsa.

In an kai shi gaban inji, ba injin yake fara kallo ba, ƙasa yake kallo. Ya ce injin da ake mora ba ya ɓoyuwa: za ka ga ɗigon baƙin mai, da ɓarɓashin ƙarfe, da inda takalma suka cinye siminti. Daga nan sai ya shafa maɓallin tayarwa da babban yatsa, ya ji ko fentin ya goge.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana firamare, bai sake aure ba, duk da na yi magana har bakina ya gaji. Su biyu suka rage a gidan haya, hawa na biyu. Auta muke ce mata, ko da yake ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Ta tashi tana kwance fanka da rediyo a kan teburin cin abinci, uban yana gefe yana miƙa mata sukundireba. Ita ke tuna masa maganin hawan jini, ita ke tilasta masa ya zauna ya ci abinci, in ba haka ba a tsaye yake ci a kicin kamar wanda aka biyo.

Da ta gama sakandare, jami'a biyu suka ba ta gurbin karatun injiniya. Ɗaya sabuwa ce, a garinmu, bas ɗaya za ta hau ta dawo gida da yamma. Ɗayar tsohuwa ce, tafiyar yini guda. Ni dai ra'ayina a fili yake, ta kusa, kuma har da son kai a ciki. In Auta ta tafi, wa zai riƙa bin wannan mai taurin kan da magani? Ni ce, kuma ina da nawa gidan. Auta ba ta zaɓa ba. Yaya kuwa ya faɗi abin da kowa ya san zai faɗa, sai ya gani, ya kuma ce in raka shi.

Ta nesa muka fara zuwa. Tun a mota ya fara kushe ta: tsohon gini, wayoyin wuta sun sha jiki, wa ya san halin ɗakunan kwana. Mutumin da ba ya yanke hukunci sai ya gani! Nan na gane ba dubawa za mu ba, aibu za mu nema.

Ɗakin injinansu ƙara kamar kunne zai fashe, ga warin mai, ga ɗalibai sun yi layi suna jiran wani tsohon injin yankan ƙarfe. Wata yarinya, baƙin mai har gwiwar hannu, ta daka wa Yaya tsawa ya koma bayan jan layi. Ya koma kuwa, ba musu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Amma da muka fita ya samu abin da ya zo nema: tukunyar kashe gobara da wa'adinta ya wuce, da ƙarfen matakala mai girgiɗi a ɗakin kwanan mata. Har muka iso gida yana ce mini, “Kin gani ko?”

Ta garinmu kuwa sai wanda ya gani. Gilasai, sanyin na'ura, komai fes. Wani malami matashi mai ladabi ya zagaya da mu, ya nuna mana injinan da Yaya bai taɓa ganin irinsu ba ko a manyan masana'antu. Daɗi ya kama ni. Ina waigawa sai na ga idon Yaya a ƙasa. Wallahi har matsawa na yi na tsaya tsakaninsa da injin, kamar jikina zai rufe masa. Ya zagaye ni. Simintin ƙal, ko ɗigo babu. Ya shafa maɓallin.

“Malam, yaushe rabon da a tayar da wannan?”

Malamin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ba a ja musu babbar wutar da injinan ke buƙata ba tukuna, ɗalibai a allo suke kallon yadda suke aiki, amma ana sa ran baɗi. Yaya ya yi masa godiya sosai.

A mota na ce, “Yaya, ba wanda ya aike ka. Ka ce duka biyun suna da kyau, ka bar ta ta zaɓa. Ai ka san wadda za ta zaɓa.”

Ya ce, “Na sani.”

Mun tarar da Auta ta riga ta shirya maganarta. Ta ce ta yanke shawara, ta kusa za ta. Ta jero dalilai, sabbin kayan aiki, sauƙin zirga-zirga, duk ban da na gaskiyar, wanda ke zaune a gabanta yana cire takalmi. Ya bari ta gama tsaf.

“Injinansu ba sa aiki,” ya ce.

“Za su yi, Baba. An ce baɗi.”

“Wataƙila. Can kuwa yau suna yi. Wurin da datti, matakalarsu na girgiɗi, kada ki jingina. Amma kina shiga za ki taɓa ƙarfe da hannunki.”

“To kai fa, Baba?”

“Ba ni aka je dubawa ba.”

Raina ya ɓaci, na fara faɗa: mutum ya zauna shi kaɗai da hawan jini saboda ɗigon mai a siminti? Ya dube ni ya ce, “Ban ce ina so ba. Na ce can ya fi.” Auta ta shige ɗaki tana kuka. Na yi kwanaki ba na ɗaga wayarsa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiya ya faɗa.

Daga ƙarshe ta nesan ta zaɓa. Ranar tafiyarta shi ya kai mu tasha. Ya ɗora mata jaka, ya zagaya bas ɗin yana duba tayoyi har direba ya fara harararsa. Ya ce mata ta kula, ta ce ya sha magani, shi ke nan sallamar. Bas ya fita, ya sha kwana.

Muka dawo wurin motarsa. Maimakon ya shiga, sai ya buɗe gaban motar ya sunkuya. Na zauna a ciki ina jira, rana tana dukana. Da na gaji na leƙo.

“Me ya samu motar?”

“Ba komai.”

“To rufe mu tafi mana.”

“Bari tukuna,” ya ce, muryarsa ba daidai ba.

Tausayinsa ya kama ni. Na ja ƙofa na rufe, na bar shi ya gama.