Bel ɗin Kafinta

A layin karɓar maganin ƙanjamau kowa kansa a ƙasa, ban da mutumin da ke gabana. Kafinta ne, ina zato, don ga fensir a bayan kunne, ga garin katako a gashin hannunsa. Haƙoransa biyu na gaba babu, amma dariya yake da baki duka.

Yana hawa sikeli, nas ta ce, "Kilo saba'in da ɗaya! Baba, me ake ba ka a gida?"

"'Yata, bakina ne ya dawo. Shekara bakwai rabona da tramol."

Sai ya ɗage riga yana nuna mata bel ɗinsa. Bayan hujin kamfani akwai wasu huɗu karkatattu, da gani aikin ƙusa ne. Ba sai an faɗa mini ba, shekarun ramarsa ke nan: ƙwaya tana cinsa, ciwo yana cinsa, maganin asibiti kuwa sai ran da ya tuna.

Yau ƙarfen bel ɗin yana hujin farko na kamfani, shi ma da ƙyar.

"Ka sayi sabo mana," in ji nas.

Ya shafa bel ɗin. "Sabo? Ai sabo bai san inda na fito ba."